Shin Jirgin Ruwan Shaƙatawa Zai Iya Biyan Kuɗin Kansa Idan Aka Sa Shi Haya?

Idan mutum ya sayi jirgin ruwan shaƙatawa, sannan ya riƙa bayar da shi shata a makonnin da ba ya amfani da shi, shin kuɗin hayar zai ɗauke masa nauyin riƙe jirgin? Wannan ita ce tambayar da dillalai ke amsawa da "ƙwarai kuwa" a manyan kasuwannin baje kolin jirage, irin wanda ake yi a Cannes ta Faransa a watan Satumba, da na Annapolis ta Amurka a watan Oktoba, da na Düsseldorf ta Jamus a watan Janairu. Maganar ta ƙara ƙarfi tun daga watan Yulin 2025, lokacin da Amurka ta yi sabuwar dokar haraji da ta dawo wa 'yan kasuwa da damar cire dukkan kuɗin wasu kayan aiki daga ribar da za a yi wa haraji a shekarar da aka saye su. Daga nan tallace-tallace suka yawaita a intanet, suna nuna wa ma'aikaci mai albashi mai tsoka cewa zai iya mallakar jirgi, baƙi su biya masa, gwamnati kuma ta rage masa haraji.

Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma ba ta cika ba. Haya tana rage asarar da mai jirgi ke yi, wani lokaci ragi mai yawa, sai dai da wuya ta mayar da jirgin hanyar samun riba, kuma ragin da take kawowa yana da nasa farashin da ba a cika rubuta shi a takardar talla ba.

Abin da jirgi ke ci ko yana tsaye

Kafin a yi maganar abin da zai shigo, wajibi ne a san abin da ke fita. Masu wannan harka suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi, cewa riƙe jirgin shaƙatawa na cin kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin sayensa a kowace shekara. Ƙaramin jirgi sabo yana iya cin ƙasa da haka, tsohon babban jirgi mai ma'aikata da yawa kuma yana iya zarce haka nesa ba kusa ba.

Dalilin shi ne ruwan gishiri ba ya barin komai ya huta. Ƙarfe yana tsatsa, wayoyin lantarki suna lalacewa, ƙananan halittun teku suna manne wa ƙasan jirgi har su rage masa gudu, don haka kusan kowace shekara sai an ɗaga shi daga ruwa da ƙugiya an kankare shi, an shafa masa fenti na musamman. Ga kuɗin wurin ajiya a tasha, wanda ake lissafawa da tsawon jirgi, kuma a gaɓar Monako ko Antibes ta Faransa yana da tsadar da ta wuce ta hayar gida mai kyau. Ga inshora, ga gyaran inji da janareta da na'urar tace ruwan sha, ga filafilai da igiyoyin da rana da iska ke cinyewa. A manyan jirage kuwa, albashin kyaftin da injiniya da mai dafa abinci da masu hidima shi ne kan gaba, domin ana biyansu ko an yi tafiya ko ba a yi ba.

Labarin jirgin Amadea ya fito da wannan fili. Jirgi ne mai tsawon mita 106 da aka kama a tsibirin Fiji a watan Mayun 2022 bisa buƙatar Amurka, wadda ta ce mallakar attajirin Rasha Suleiman Kerimov ne da ke ƙarƙashin takunkumi. Bayan an kai shi San Diego an ɗaure shi, takardun da lauyoyin gwamnati suka gabatar wa kotu a farkon 2024 sun nuna cewa yana cin kusan dala 600,000 a kowane wata, fiye da rabi albashin ma'aikata ne, alhali babu baƙo ko ɗaya da ke kwana a cikinsa. Wannan jirgin manyan attajirai ne, amma dokar da ke kansa ita ce ke kan ƙaramin jirgi mai ɗakuna uku.

Hanyoyin da ake bi wajen sa jirgi haya

Shata iri biyu ce. Akwai wadda ake miƙa wa baƙo jirgin tsurarsa, shi da abokansa su tuƙa da kansu idan yana da takardar shaidar iya tuƙi, kuma wannan ita ce ta fi yawa a jirage masu filafilai da ba su wuce mita 12 zuwa 15 ba. Akwai kuma wadda jirgin ke zuwa da kyaftin da ma'aikatansa, baƙi su zauna a yi musu hidima kamar a otal.

A nau'in farko, manyan kamfanoni ne ke riƙe da kasuwar. The Moorings ya fara aiki a 1969 a tsibirin Tortola da ke Tsibiran Virgin na Birtaniya, inda Charlie Cary da matarsa Ginny suka fara da jirage shida. Sunsail ya biyo baya a Ingila a 1974, daga baya kuma Dream Yacht ya taso daga tsibiran Seychelles. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yawancin jiragen da waɗannan kamfanoni ke bayarwa haya ba nasu ba ne. Na ɗaiɗaikun mutane ne da suka saya da kuɗinsu ko da bashin banki, suka miƙa wa kamfani ya juya.

Tsarin da ya fi shahara shi ne na kuɗin shiga tabbatacce. Mutum zai sayi sabon jirgi daga cikin samfuran da kamfanin ya zaɓa, sau da yawa ƙirar Beneteau ko Jeanneau ko Lagoon na Faransa, ko kuma Leopard da kamfanin Robertson and Caine ke ƙerawa a Cape Town, sannan ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar zuwa shida. Kamfani zai ɗauki nauyin inshora da wurin ajiya da gyara, ya riƙa biyan mai jirgin wani kaso da aka yanke, wanda yawanci ke kusa da kashi 8 ko 9 cikin ɗari na kuɗin jirgin a shekara, ko an samu baƙi ko ba a samu ba. Haka kuma mai jirgin yana da damar yin amfani da jirginsa, ko wani irinsa a wata tashar kamfanin, har zuwa makonni 12 a shekara bisa wasu sharuɗɗa. Duk wanda ya taɓa ba direba mota don ya riƙa kawo masa balas ya san yadda wannan yake: kuɗi na shigowa a kan lokaci, amma ranar da motar ta dawo hannunka kake gane nawa aka ci daga jikinta.

Tsari na biyu shi ne na raba abin da aka samu. A nan babu alkawarin kaso tsayayye, kamfani zai cire la'adarsa, mai jirgi ya karɓi saura kuma ya biya dukkan kuɗaɗen gudanarwa daga ciki. A shekara mai kyau ana iya samun fiye da tsarin farko, a shekara mara kyau kuma mai jirgi ne zai sa hannu a aljihu. Akwai kuma masu bayar da jiragensu kai tsaye ta shafuka irin su Click&Boat da Boatsetter da GetMyBoat, waɗanda ke haɗa mai jirgi da mai nema, amma aikin karɓar baƙi da wanke jirgi da amsa kiran waya idan inji ya tsaya a tsakiyar teku duk yana wuyan mai shi.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a sa hannu

Bari mu ɗauki misali na lissafi kawai, domin a ga inda kuɗin ke bi. A ce mutum ya sayi katamaran, wato jirgi mai gangar jiki biyu, a kan dala 600,000, kuma kamfani ya yi masa alkawarin kashi 8 cikin ɗari. Zai karɓi dala 48,000 a shekara, wato dala 240,000 a shekara biyar. A ce kuma a ƙarshen wa'adi ya samu mai saye a kan kashi 55 cikin ɗari na kuɗin farko, dala 330,000 ke nan, dillali ya ɗauki la'adarsa ta kashi 10 kamar yadda aka saba, ya rage 297,000. Idan aka haɗa da kuɗin hayar da ya karɓa, ya tashi da dala 537,000 daga 600,000 da ya zuba. Ya yi asarar dala 63,000, tun kafin a sa kuɗin ruwan banki idan bashi ya ci, da kuɗin gyaran da zai yi don jirgin ya sayu, da harajin da ƙasarsa za ta ɗauka daga kuɗin hayar, da kuma ribar da wannan dukiya za ta kawo da a wata harka ya sa ta.

Wannan lissafi bai nuna cewa mutumin ya yi wauta ba. Dala 63,000 a shekara biyar ta kama 12,600 a shekara, kuma idan mutum ne da dama can yake kashe kuɗi yana ɗaukar shatar irin wannan jirgi makonni huɗu ko biyar kowace shekara, to ya samu hutunsa da rahusa mai yawa. Idan kuwa mako ɗaya kawai aikinsa da iyalinsa ke bari ya je teku, to ya ɗaure dukiya mai yawa, ya ɗauki kasada, don ya sami abin da zai iya biya kai tsaye ya huta. A ganina nan ne asalin hukuncin yake, kuma shi ne wurin da masu saye suka fi yaudarar kansu. Makonni 12 suna da daɗin ji, amma kaɗan ne daga cikinsu ke faɗowa a lokacin da kowa ke so, sauran na lokacin sanyi ne ko na ɗaukar gaggawa idan jirgi ya rasa baƙo, kuma kowace tafiya tana buƙatar tikitin jirgin sama na dukkan iyali zuwa Tortola ko Split ta Kuroshiya.

Adadin da ya fi kowane muhimmanci a lissafin shi ne wanda babu mai iya lamunce shi, wato farashin sayarwa a ƙarshe. A cikin wa'adin yarjejeniyar, jirgin haya yana yin aikin da jirgin gida, wato wanda mai shi kaɗai ke amfani da shi, ba zai yi a shekara goma sha biyar ba. A gaɓar Kuroshiya, wadda ke cikin wuraren da suka fi yawan jiragen shata a duniya, ranar Asabar ce ranar sauyi: jirage na dawowa tasha da yammacin Juma'a, baƙi su sauka da safe, mai ninƙaya ya nutsa ya duba ƙasan jirgi ko an goga shi da dutse, masu shara su shiga da bokiti, makaniki ya gyara famfon bayan gida da ya toshe, kafin la'asar wata tawagar ta iso da akwatunanta da kwalayen ruwan sha. Haka ake yi mako bayan mako daga Mayu zuwa Oktoba, kuma kowane mako sabon hannu ne a kan inji, wani gwani, wani kuma ranar ce ta farko da zai shigar da jirgi mai wannan faɗi tsakanin wasu jirage biyu iska na kaɗawa. Masu sayen jirage na hannu sun san wannan sarai, suna duba sa'o'in da inji ya yi aiki, suna kuma ganin cewa an raba cikin jirgin ƙananan ɗakuna huɗu da bayan gida huɗu don ya ɗauki baƙi da yawa, tsarin da iyali ɗaya ba su cika so ba. Ƙari a kan haka, kamfani yakan saki jirage iri ɗaya masu shekaru ɗaya a lokaci ɗaya, sai su riƙa karya wa juna farashi.

Saboda haka sashen yarjejeniya da ya yi bayanin yadda za a dawo da jirgi ya fi sashen kaso muhimmanci. Wajibi ne a rubuta abin da kamfani zai gyara ko ya sauya kafin ya miƙa, da abin da za a ɗauka a matsayin tsufa na al'ada, kuma mai hankali yakan ɗauko nasa mai binciken lafiyar jirgi, wanda ba ya cin abinci a hannun kamfanin, ya duba komai kafin ya karɓa.

Manyan jirage da ma'aikatansu

A jiragen alfarma masu ma'aikata, lissafin ya fi tsauri. Yawancin shatar da ake yi a Bahar Rum tana bin takardar yarjejeniyar ƙungiyar dillalai ta MYBA, wadda aka kafa a 1984. Baƙo yana biyan kuɗin mako, sannan ya ba da wani ƙarin kuɗi tun kafin tafiya, kusan kashi 30 cikin ɗari, wanda kyaftin zai riƙa sayen mai da abinci da biyan kuɗin tashoshi daga ciki, ya kawo lissafi a ƙarshe. Daga kuɗin makon, dillalai kan ɗauki kusan kashi 20, wato 15 ga wanda ya kawo baƙo, 5 ga wanda ke wakiltar jirgin.

A ce jirgi ya kai yuro miliyan 10, riƙe shi na cin miliyan ɗaya, kuma ana bayar da shi a kan yuro 100,000 a mako. Idan ya samu makonni takwas, wanda ba ƙaramin abu ba ne a kaka guda, ya tara 800,000, dillalai su cire nasu ya rage 640,000. Har yanzu da sauran giɓin 360,000, ba a kuma taɓa maganar faɗuwar darajar jirgin ba. Kuma waɗannan makonni takwas su ne na Yuli da Agusta, ko na Kirsimeti da sabuwar shekara idan an tsallaka da jirgin Karebiyan, wato daidai lokacin da mai jirgin da 'ya'yansa ke hutu. Wanda ya riƙe wa kansa waɗannan makonni ya rasa kuɗin, wanda ya sayar da su kuma ya mallaki jirgin da baƙi ne ke morar mafi kyawun kwanakinsa.

Ba mamaki ba ne da ake ganin attajiran da ke da halin saye suna zaɓar haya. Lokacin da Femi Otedola ya cika shekara 60 a watan Nuwamban 2022, shatar Christina O ya ɗauka, tsohon jirgin attajirin Girka Aristotle Onassis mai tsawon mita 99, ya yi bikinsa da iyalinsa ya sauka, albashin ma'aikata da fentin shekara mai zuwa suka rage a wuyan masu jirgin.

Doka da haraji

Ranar da jirgi ya karɓi kuɗin baƙo, ya tashi daga abin shaƙatawa ya koma abin sana'a a idon hukuma. Inshorar jirgin gida ba ta biyan hatsarin da ya faru lokacin haya, kuma mutane sun yi asarar komai saboda sun yi sakaci da wannan. Jiragen da suka kai mita 24 kuma suke ɗauke da tutar Birtaniya ko ta yankunanta suna bin ƙa'idoji na musamman kan kayan kashe gobara da kwale-kwalen ceto da takardun ma'aikata, sannan yarjejeniyar ƙwadago ta teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta tsara sa'o'in hutu da wurin kwanan ma'aikata. Komai girman jirgi, baƙi 12 ne iyaka a mafi yawan lokuta, domin wanda ya wuce haka dokar duniya tana ɗaukarsa jirgin fasinja ne mai nasa sharuɗɗan masu tsada. A Amurka ƙaramin jirgin da hukumar tsaron gaɓa ba ta yi wa cikakken bincike ba fasinja shida kawai zai ɗauka idan da kyaftinsa aka bayar da shi.

A Turai ana ɗora harajin VAT a kan kuɗin shata, kashi 20 a Faransa, 22 a Italiya, 21 a Sifaniya, 13 a Kuroshiya. Jirgin da aka yi wa rajistar kasuwanci yana iya samun sauƙin haraji wajen saye, amma sharaɗin shi ne ya zama kasuwanci na gaske, har ta kai mai shi idan zai hau sai ya ɗauki shatarsa a farashin kasuwa ya biya VAT kamar kowa. Tsibiran Marshall sun buɗe wata hanya ta tsakiya da ke ba jirgin gida damar yin haya har kwana 84 a shekara a wasu ruwaye, amma dole ya cika ƙa'idojin jirgin kasuwanci.

Batun Amurka shi ne ya fi ruɗar mutane. Gaskiya ne dokar haraji ta 2017 ta ba da damar cire dukkan kuɗin kayan aiki a shekarar farko, damar ta ragu zuwa kashi 80 a 2023 da 60 a 2024, sannan dokar 2025 ta mayar da ita ɗari bisa ɗari. Sai dai hukumar haraji ta IRS tana da shinge da dama. Sashe na 183 na dokar harajin ƙasar ya hana cire asarar abin da mutum ke yi don sha'awa, kuma abin da ke ba shi kariya mai ƙarfi shi ne ya nuna riba a shekara uku cikin biyar. Sashe na 469 ya hana a rage harajin albashi da asarar harkar da mutum ba ya taɓa aikinta da hannunsa, don haka wanda ya miƙa wa kamfani komai ya zauna yana jiran kuɗin wata zai sha wuya ya nuna sa'o'in aikin da doka ke nema. Sashe na 280A kuma yana ɗaukar jirgi mai wurin kwana a matsayin gida, idan mai shi ya yi amfani da shi fiye da kwana 14 ko kashi 10 na kwanakin haya, wanda ya fi yawa a cikinsu, sai a taƙaita abin da zai cire. Ma'ana, tsarin da ya fi ba mutum hutu da kwanciyar hankali shi ne wanda ya fi nisa da rangwamen harajin da aka yi masa talla da shi. Idan kuma ya sayar da jirgin, hukuma za ta dawo ta karɓi haraji a kan abin da ya cire a baya. Duk wannan na mai biyan haraji a Amurka ne kaɗai, wanda ke zaune a wata ƙasa ba shi da rabo a ciki.

Idan abin da ba a zata ba ya faru

A ranar 6 ga Satumban 2017 mahaukaciyar guguwar Irma ta afka wa Tsibiran Virgin na Birtaniya. A mashigin Paraquita, inda kamfanonin shata suka saba ɓoye jiragensu lokacin guguwa, hotuna sun nuna jirage birjik sun hau kan juna, wasu a kife, sandunan filafilansu a karye. Bayan wannan kamfanonin inshora sun ƙara kuɗi, sun kuma tsaurara sharuɗɗan inda jirgi zai kasance daga Yuni zuwa Nuwamba. Shekara uku bayan haka annobar korona ta rufe iyakoki, jirage suka zauna a tasha babu baƙi alhali kuɗin ajiya da na banki ba su tsaya ba.

Irin waɗannan lokuta ne ke nuna cewa kalmar "tabbatacce" ƙarfinta daidai yake da ƙarfin kamfanin da ya furta ta. Mai jirgi yana bin kamfani bashin alkawari, banki kuma yana bin mai jirgi bashin kuɗi, kuma idan na farko ya gaza na biyun ba ya jira. Ya kamata mai niyyar shiga ya karanta abin da yarjejeniya ta ce game da bala'i da annoba, ya tabbatar sunansa ne a takardar mallaka da ta inshora, ya san wanda zai biya kason farko na asara idan an yi hatsari, ya kuma nemi jin ta bakin waɗanda suka riga suka kammala wa'adinsu suka sayar, domin su kaɗai ne suka ga lissafin har ƙarshensa. Wannan ya fi zama dole ga masu ƙaramin ƙarfi da ake tallata wa kaso a cikin jirgi, su huɗu ko su takwas, tare da alkawarin riba ta shekara, domin mai kaso ɗaya cikin takwas ba shi da ikon hana a sayar, ba shi da ikon tilasta a sayar, kuma samun wanda zai sayi kasonsa shi kaɗai ya fi sayar da jirgin gaba ɗaya wahala.